Lakar Baƙin Gurbi

Tungar Maigandi,
ta Argungu.
9 ga Janairu, 1985.

Zuwa ga Gwaggo Balaraba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da ƙafar nan taki da anka ce tana kumbura. Inna Sauda na gaishe ki. Jikinta da sauƙi, tari ne kawai bai sake ta ba.

Ni ne Tamba, ɗan Arzika. Rabonki da ni tun ina yawo ba wando, to yanzu har gemu ya fito, kuma da hannuna nake rubuta wagga takarda. Ban taɓa zama aji ba, a Littafi Mai Tsarki na Baba na koyi haɗa baƙi. In kin ga rubutun ya karkace ki bar shi, ba shi ne zancen ba.

Zancen Baƙin Gurbi ne, wurin nan mai zurfi a gulbinmu. Kin daɗe a birni, bari in tuna miki. Ba mai jefa homa, ragar kamun kifi, a gurbin nan sai namijin gidanmu ya fara shiga shi kaɗai, ya nutsa har ƙasa, ya ɗebo laka ya ɗaga wa jama'a su gani. Sannan a yi kuwwa, kowa ya faɗa da gorarsa. Haka kakanmu ya yi, haka Baba. Abu uku ke tafiya da shigar: baƙin bunsuru da ake yankawa a bakin ruwa, gurun layu a ƙugun mai nutso, sai igiyar da Sarkin Ruwa ke tufkawa yana yi mata tofi, a ɗaura ta a jikin gurun, shi ya riƙe bakinta daga gaɓa.

Ranar da kinka kai Baba anka yi masa baftisma, ya dawo ya ce shi da bunsuru har abada, ya ƙone gurun, ya mayar wa Sarkin Ruwa igiyarsa. Nutson bai bari ba, don ya ce gari sai ya ci abinci. Shekaru yana shiga haka nan da wandonsa kawai, yana fitowa da laka. Bara bai fito ba. Ina tsaye a gaɓa, Gwaggo. Kumfa ta taso, ta sake tasowa, ta daina. Sai da ruwa ya ga dama ya maido mana shi can ƙasan tunga. Kin aiko da gaisuwa da sabulu, mun gode.

Tun ranar ba wanda ya taɓa gurbin. Damina kuma kin ga yadda ta yi, shinkafa ta ƙone a fadama tun ba ta yi ciki ba. Shekaranjiya sai ga Ummaru Sarkin Ruwa, ya shigo ya zauna a kan tabarmar Baba ba wanda ya ce masa bismilla. Ya ce, "Ɗan Arzika, ruwa ya ja baya, kifi ya taru, gari na jin yunwa. Bunsuru mun ɗaure. Kai muke jira."

Na ce, "Baba Ummaru, in bunsurun ne ke buɗe ruwa, ku ɗaura masa gurun ya nutsa mana."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ubanka ma ya iya baki." Ya sa takalmansa ya fita.

Liman ma ya ce yankan nan ba na addini ba ne, amma a hankali ya faɗa, don shi ma tukunyar gidansa ba kifi. Inna kuwa kuka take, wai in sa wani guru ko a ƙarƙashin riga, ba mai gani.

Ke kinka kawo wagga hanya gidanmu, kinka koma Nasarawa kinka zauna inda ruwa mafi zurfi shi ne na randa. To ki gaya mini: mi mai bi zai yi? In na ƙi shiga, yara su kwana da yunwa da sunana a bakin uwayensu. In na shiga da guru, na tofa wa kabarin Baba yawu. In na shiga haka nan, kowa a tungar nan ya riga ya san inda za a tsamo ni. Kada ki ɗauka tsoro nake ji. Haushi ne. Ki ba Malami direba amsa, shi zan ba wagga.

Ɗanki,
Tamba Arzika.

*

Nasarawa,
Birnin Kebbi.
14 ga Janairu, 1985.

Ɗana Tamba,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Na ga takardarka, na karanta a tsaye a bayan ɗakin wanki, na sake karantawa a zaune. Rubutunka ya fi nawa kyau, ka daina ba shi haƙuri. Ƙafa tana nan, in na wuni tsaye sai ta zama kamar turmi. Ka gaishe da Sauda, ka ce ta riƙa shan ruwan ɗumi da citta.

Maganar da ka jefe ni da ita na karɓa, ban ji haushi ba. Ni da Yaya Arzika kakanmu ɗaya, tare munka ci tuwo a ƙwarya ɗaya. Abin da ka gani a gaɓa, ni ina ganinsa duk sanda na buɗe famfo.

Lokaci ya ƙure mini, Malami na ta danna ham a bakin titi, don haka a gurguje. Bunsuru da guru ba naka ba ne, wannan babu tantama. Wanda ke hannun Almasihu, babu wani abu a ƙarƙashin ruwa ko a bisansa da ke da iko da ransa. Ka tuna da almajiran nan da hadari ya rutsa a jirgi, su ma masunta ne irinka, kuma Almasihu da ke kwance a ƙarshen jirgin ya fi ruwan. Ka riƙe wannan.

Amma kada ka yi gaggawar ba kowa amsa. Zan nemi hutu in zo mu zauna, akwai abin da baki ya fi takarda iya faɗa. Kuma ka rage wa Ummaru harshe, sa'ar ubanka ne.

Gwaggonka,
Balaraba.

*

Tungar Maigandi.
20 ga Janairu, 1985.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Inna ta sha cittar. Takardarki ta zo, kuma ta zo daidai.

Na gode. Abin da nake jira wani ya faɗa mini ke nan, kuma ba wanda ya iya. A majami'armu ta Argungu, da na kawo zancen, dattawan sai sunka hau duban ƙasa. Yawancinsu mutanen Zuru ne masu aikin gwamnati, ba su san bambancin gora da tulu ba. Ɗaya ya ce mu yi addu'a, munka yi, kowa ya hau kekensa. Ke kaɗai kinka fito fili: babu abin da ke da iko da raina. Shi ke nan.

Ranar kasuwa na same su a rumfar masu kifi, Ummaru da mutanensa, suna zaune gaban tebur ba ko tarwaɗa ɗaya a kai. Wani Usmanu, mai baki kamar na ragon ruwa, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ɗan mai Littafi nan. An ce ko wanka yanzu da moɗa kake yi daga nesa." Sunka kwashe da dariya.

Na ciro takardarki na karanta musu wurin nan da ƙarfi, har masu albasa sunka juyo. Sannan na ce su sa rana. Na ce zan shiga Baƙin Gurbi yadda uwata ta haife ni in ban da wando: ba bunsuru, ba guru, ba igiyar kowa a ƙuguna. Na ce in abin da ke ƙasan yana da haƙora ya wasa su. Na rantse a gaban kasuwa duka.

Dariyar ta mutu. Ummaru ya ce, "Kun ji da kunnenku. Asabar ta biyu a watan gobe." Ya ƙara da cewa a kwance bunsurun a mayar wa mai shi.

Kin ce kada in yi gaggawa, na gani. Amma mi za a jira? In gaskiya ne abin da kinka rubuta, gaskiya ne yau, ba sai kin samu hutu ba. Ki zo dai ki gani da idonki.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Tun ranar mutanen tunga sun canza mini. Tsohuwar da na taɓa zagi a kan akuyarta ta tare ni a hanya ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ni ban roƙe ta ba. Usmanun nan ma ya aiko mini da goro. Inna ta daina kuka, ta daina magana. Jiya na shigo na tarar tana wanke farin zanen da ke ƙasan adakarta, tana shanyawa a bayan ɗaki inda take tsammanin ba zan gani ba.

Su ta shafa. Ina jiran ki.

Tamba.

*

Tungar Maigandi.
1 ga Fabrairu, 1985.

Gwaggo Balaraba,

Ina gaisuwa, in har gaisuwata na isa inda kike. Inna na nan. Ni ma ina nan, tukuna.

Shiru ke nan? Kin zuga ni na hau, kin janye tsani? Kullum ina tasha kamar ɗan kamasho, duk motar da ta fito Birnin Kebbi sai na leƙa, ba ke, ba Malami, ba takarda. Ko hutun ne anka hana, ai hannunki bai kumbura ba. Haka kinka yi wa Baba? Ki ba mutum magana mai zafi ya riƙe, ke ki koma wankin zannuwanki? Wagga a hannun wata mai kai kifi busasshe zan ba da ita, in kin ga dama ki karɓa.

Bari in gaya miki abin da ke nan, tunda ba ki tambaya ba. Na je na duba gurbin da rana tsaka. Ruwan ko'ina ya janye, yashi ya fito, amma shi yana nan cike, baƙi ƙirin, ba ya motsi. Kifi na juyi a cikinsa, kana ganin bayansu. Ko tsuntsu bai sauka a gaɓar ba muddin ina wurin. Na jefa dutse, ban ji ya taɓa komai ba.

Da na dawo na ɗebi ruwa a ƙwarya in wanke fuska. Na sunkuya, sai na ji warin laka. Ruwan rijiya ne, Gwaggo, na san ba laka a ciki. Na kasa kai fuskata. Hannuna ya hau rawa har ruwan ya zube a ƙafata. Yanzu da tsumma nake goge ido. Ni da nake tsallaka gulbi da numfashi ɗaya tun ban yi kaciya ba.

Na buɗe Littafin ina neman wurin da zai tsayar mini da hannu. Ko'ina na duba ana ce wa mutane kada su ji tsoro. Na karanta, na sake, na haddace, har yanzu na kasa kai fuskata ƙwarya. To ɗaya cikin biyu ne: ko maganar ba ta aiki a bakin gulbi, ko ni ne ba mai bi ba, baƙi kawai na iya haɗawa. In na biyun ne, ranar Asabar ba ni da guru kuma ba ni da Almasihu, ni kaɗai ne da wando.

Baba bai taɓa rawar hannu ba. Da waƙa yake shiga. Shi da bai ji tsoro ba ma ga yadda ta ƙare, ina ga ni?

Na rantse a kasuwa, ba zan janye ba. Ki amsa ko kada ki amsa.

Tamba.

*

Birnin Kebbi.
4 ga Fabrairu, 1985.

Tamba, ɗana,

Salama. A gado nake rubuta wannan, a asibitin da nake wa wanki. Ƙafar ta fashe, sun kwantar da ni, sun hana ni takawa. Motar Malami ta lalace a Ambursa, takardarka ta 20 ga Janairu tana cikinta duk kwanakin nan. Yau da safe anka kawo mini su biyun tare. Da na karanta ta kasuwar, sai da mai jinya ta zo ta tambaye ni ko ciwon ne ya tashi.

Ba abin da na ce ke nan ba, Tamba. Na ce ba abin da ke da iko da ranka. Ban ce huhunka ya fi na sauran mutane ba. Ruwa ruwa ne, yana shaƙe mai bi yadda yake shaƙe kowa. Shaiɗan ya taɓa kai Ubangijinmu wuri mai tsawo ya ce ya diro a ga ikon Allah, ka san bai diro ba. Abin da ka yi a rumfar kifi, dirowar ce.

Zancen rawar hannu kuma. Ka karanta wuraren da anka ce kada a ji tsoro, ba ka lura da waɗanda ake gaya wa ba? Duk masu rawar hannu ne. Ba a faɗa wa dutse haka. Je ka karanta abin da ya faru a lambu kafin a kama Ubangijinmu. Shi kansa zufa ta karyo masa, ya roƙa ko abin zai wuce shi, kuma ya ce wa abokansa su zauna kusa kada su bar shi. In shi ya nemi mutane a kusa, kai wane ne da za ka ce ba igiyar kowa?

Ni nan aikina har da wanke zanen waɗanda sunka cika. Kullum in zan shiga ɗakin nan gabana faɗuwa yake, shekara da shekaru bai daina ba. A bakin ƙofa nake cewa, ya Ubangiji ga shi ya sake zuwa. Sai in ce wa tsoron, to zo mu je, amma ba kai ne a gaba ba. Iyakar bangaskiyar da nake da ita ke nan, kuma ta kawo ni yau.

Sai a takardarka na san Yaya Arzika ya mayar da igiya ranar da ya ƙone guru. A wurinku abu ɗaya ne tunda tare ake ɗaura su, na gane. Amma rama tsiro ce, Allah ya halicce ta. Tofin ne ba naka ba. Ka sayi sabuwa a kasuwa wadda bakin kowa bai taɓa ba, ka ɗaura a ƙugunka. Sai dai igiya ba ta riƙe kanta, kuma a tungar nan mutum ɗaya ne hannunsa ya san bambancin jan mai nutso da jan mai shaƙewa. Ka san shi. Ka raina igiyarsa a gaban mutane, a gaban mutane za ka roƙe shi.

In ka fasa shigar gaba ɗaya, Allah bai rage ka da komai ba, ni ma haka. In kuwa za ka shiga, ka shiga don yaran da ke kwana da yunwa, ba don bakin Usmanu ba.

Ba zan iya zuwa ba. Ranar Asabar tun asuba ina kan gwiwa ɗaya, mai lafiyar.

Gwaggonka,
Balaraba.

*

Tungar Maigandi.
8 ga Fabrairu, 1985.

Gwaggo,

Sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya. Abin da na rubuta a kan tsani ki yage shi.

Takardarki ta ba ni haushi wuni guda. Washegari na sayi igiyar rama, na naɗe ta a kafaɗa na ratsa kasuwa da ita. Gara nutso goma da tafiyar nan. Usmanu ya hango ni ya ce, "A'a! Ashe Yesun naka ma sai da igiya?" Na ji hannuna ya dunƙule. Na wuce.

Na durƙusa gaban Ummaru a rumfa, kowa na kallo. Na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya. Bunsuru da guru ba zan taɓa ba har in mutu. Amma tsoro nake ji, ka riƙe mini wagga."

Ya karɓa, ya murza ta, ya ja da haƙori. Ya ce, "Ba tofi?"

Na ce, "Ba tofi."

Ya ce, "Ban taɓa riƙe wadda ba tofi ba. In ruwa ya kama ka, ni da shi za mu yi ja, kuma ka ga na tsufa." Ya miƙo hannuwansa in gani. Duk jijiya ne, Gwaggo, kamar busasshen kifi. Sannan ya ce, "Kawo. In ka ji an riƙe ka, ka ja sau biyu, kada ka tsaya yin jarumta."

Gobe ne. Tsoron bai tafi ba. Na gwada abin da kike faɗa a bakin ƙofa, ban ji wani sauƙi ba, amma na iya wanke fuskata yau. In ba ki sake ganin rubutuna ba, Inna ba ta da kowa sai ke. Tana son a riƙa yi mata hira ko ba ta amsa ba.

Ɗanki,
Tamba.

*

Tungar Maigandi.
13 ga Fabrairu, 1985.

Gwaggo Balaraba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ne. Ya ƙafa? Inna na gaishe ki da bakinta, ta dawo da magana har ta fi da.

Na shiga. Ƙasan gurbin duhu ne da sanyi, ba ka ganin hannunka. Na damƙi laka, na juyo, sai ƙafata ta ƙi biyo ni. Wani abu ya naɗe ta har gwiwa. Na fizga, ya ƙara matsewa. Duk ayoyin da na haddace ba wadda ta zo. Abin da na ce a cikina kawai shi ne, Yesu, tsoro nake ji. Na ja igiya sau biyu.

Sauran labari a bakin mutane na ji. Wai Ummaru ya ja har ya zauna a ƙasa, ruwa na jan shi daga gaɓa zuwa cikin gurbi, sai da Usmanu da wasu sunka kama bayansa. Sun fito da ni da guntun tsohuwar koma ta kamun kifi a ƙafa, wadda ta daɗe maƙale a wani kututture can ƙasa. Lakar na hannuna, sai da sunka ɓamɓare yatsuna. Tafin Ummaru duka biyu sun saɓule, har yau matarsa ke ba shi abinci a baki. Ni kuma kunnen hagu ya yi jini, ba na ji da shi. Mai magani a Argungu ya ce kada in sa rai.

An kama kifi, tunga duk hayaƙin banda ne. Na aiko miki da giwan ruwa a hannun Malami, ki ba masu jinya nasu.

Kada ki ɗauka an zauna lafiya. Wasu na cewa Ummaru ya yi tofin a ɓoye, shi ya sa. Wasu na cewa ruwa ya karɓi kunne a madadin bunsuru, kuma abin da ya ɗanɗana zai nemi saura. Na fara ba su amsa, sai na ga ba ni da kunnen da zan ji tasu, na juya musu na hagun.

Na tambayi Ummaru ko komar nan ce ta riƙe Baba. Ya ce bai sani ba, ba kuma wanda zai sani. Kututturen na nan, ba mai iya ciro shi.

Baɗi ma ni ne, Gwaggo, gidanmu ba wani namiji. Ummaru kuma tsufa yake ƙarawa. Na ɗauka in na fito tsoron zai tsaya a gurbin, to tare munka fito, yana nan zaune kusa da ni ina rubutu. Ki ci gaba da durƙuson nan. Kada ki ce an gama.

Ɗanki,
Tamba Arzika.